Zan je Marrakesh, ina son a rubuta sunan mahaifiyata a hannuna

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a sakaya sunana. Wata mai kamawa zan raka maigidana Maroko, yana da taro a Marrakesh. Mahaifiyata ta rasu bara, kuma tun lokacin raina ke son a rubuta min sunanta, ɗan ƙarami, a wuyan hannu inda agogo zai rufe. A gida ba zan iya taka shagon tatu ba, can kuwa ba wanda ya san ni. Ta yaya ake gane gwani a garin da mutum yake baƙo? In kuma kun ga bai dace ba ku faɗa min gaskiya, ba zan ji haushi ba.

Malamar Islamiyya: Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya ba ki haƙuri. Tunda gaskiya kika nema: hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an la'anci mai yin zanen da ake tsaga fata a cusa launi, da wadda ta nemi a yi mata. Wasu na zaton don yana hana ruwan alwala shiga ne, alhali tawadar a ƙarƙashin fata take, ruwa na taɓa fatar. Aikin kansa aka hana. Lalle kuwa halal ne, ado ne da aka san mata da shi tun zamanin sahabbai. Kewa ce ke damunki, na gane, kuma ba laifi ba ce.

Wata nas daga Zariya: Ƙanwata, ni ta ɓangaren jiki zan yi magana. Allurar tatu tana huda fata sau dubbai, ta ajiye tawada a shimfiɗa ta biyu. Ciwo ne buɗaɗɗe, kuma samansa kaɗai kan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin ya rufe. In allurar ko tawadar ta taɓa jinin wani, ciwon hanta nau'in B da C na iya bi ta nan. Sai abin da ya fi shafar masu baƙar fata: tabon nan mai kumburi da ke tasowa bayan hujin kunne, wanda likitoci ke kira keloyid. Ki duba danginki, in akwai mai shi, ki yi nesa da allura. Gogewa da na'urar lesa kuma zuwa ne ba ɗaya ba ba biyu ba, ga tsada, kuma a fatarmu yakan bar wurin ya yi fari-fari.

Wata 'yar uwa daga Jos: Ni Kirista ce kuma ina da shi a kafaɗa, don haka bari in amsa ainihin tambayar, ko don wasu masu karantawa. Kada a ruɗe ki da hoton da aka ɗauka ana gama zane, kowanne sheƙi yake yi a ranar. Ki ce a nuna miki aikin da ya warke ya shekara, kuma a kan baƙar fata. Siririn rubutu irin wanda kike so shi ya fi saurin bajewa, harufan su haɗe. Gwani na gaske a gabanki zai yage ledar sabuwar allura, ya sa safar hannu, ya zuba tawada a ɗan ƙoƙon da zai jefar in ya gama. Yakan sa a jira layi na kwanaki, ba ya tsayawa bakin titi yana kiran masu yawon buɗe ido. Bayan an yi kuma babu wanka a tafki, babu shiga hammam, gidan wankan tururin da Maroko ta yi suna da shi, babu shanya wurin a rana. Abin da ya fi damuna shi ne in ya ruɓe ko yana son gyara, kina Najeriya, mai shagon yana Marrakesh.

Maman 'yan biyu: Anti, ki yi lalle abinki, amma shi ma ki buɗe ido. Na je garin. A dandalin Jama'ul Fana mata ne zaune kan 'yan kujeru, riƙe da littafin hotuna da sirinji marar tsini cike da kwaɓi. Wata kafin ki ankara ta kama hannunki ta fara zana fure, ta gama ta yanka miki kuɗi. Ki riƙe hannunki a jikinki, ki ce "la, shukran", wato "a'a, na gode", ki wuce. Wadda za ta yi miki, su naƙƙasha suke ce mata, ki sa masu masaukinku su kira wadda ke yi wa amaren unguwa, ku gama ciniki da dirhami kafin ta taɓa ki. Ki leƙa kwanon da idonki. Lalle na gaskiya kore ne mai duhu, yana ƙamshin ganye, yana son awanni a hannu, har sukan ɗiga masa lemun tsami da sukari don ya kama. In an kankare zai fito ruwan goro, sai ya yi ta nuna cikin kwana biyu. Ki tambayi zanen birnin Fas na Maroko, mai layi-layi da kusurwoyi, ya sha bamban da fulawar da muka saba.

Nas: Maman 'yan biyu ta taɓo inda nake so. Duk kwaɓin da kika gani baƙi ƙirin, aka ce minti 20 ya kama, to kusan ko yaushe an sa masa sinadarin rinin gashi da ake kira PPD, irin na dayis ɗin da ake yi mana a gida. A Turai da Amurka ba a yarda a shafa shi a fata ba. Ga wadda ba ta taɓa yi ba, ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa kan fito bayan mako ɗaya zuwa biyu, suna bin sawun zanen daidai da daidai. Wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya kuma, ta rabu da baƙin rinin gashi har abada, don na gaba ya fi muni.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Malama, na ji, na bar maganar allura. Anti ta Jos, na gode da ba ki ɓoye min komai ba. Zan sa a rubuta sunan da jan lalle. Amma ni dayis bai taɓa yi min komai ba, shi ma in guje shi? Kuma kwana nawa jan zai yi?

Nas: Ki guje shi, jiki na iya juya masa baya a karo na goma ko da ya karɓa sau tara. Jan kuma a wuyan hannu ba ya kamawa kamar tafi, don fatar wurin ba ta da kauri, zai yi kamar mako ɗaya zuwa biyu. Ki sayo garin lallen a kasuwar masu kayan ƙamshi ta cikin ganuwa, ki rubuto sunan da Larabci a takarda, mai ƙunshinku ta gida za ta riƙa maimaita miki duk sanda ya goge.