Wai ɗan jami'a yaro ne?

Maman Auta: Salamu alaikum iyaye. Yau raina a ɓace yake, sai na amayar da abin da ke cikina. Yarona ya gama zangon farko a jami'a, sakamako ya fito, amma duk sa'ad da na tambaye shi sai ya ce "komai lafiya, Mama". Na kira malamin da aka ɗora a kan ajinsu, ya ce ba shi da hurumin faɗa min, wai in tambayi mai shi. Ni da na biya kuɗin rajista! A ganina dole kowace jami'a ta riƙa tura wa iyaye sakamakon shekarar farko kai tsaye. Wanda ya ce a'a bai san zafin haihuwa ba.

Kawu: Hajiya, "yarona" fa kika ce. Shekarunsa nawa?

Maman Auta: 18. Me ya haɗa shekaru da maganata?

Kawu: Ai nan gizo ke saƙar. Mai shekara 18 a yawancin ƙasashen duniya ƙuri'a yake kaɗawa, ya sa hannu a takarda ta zauna. Ku ne kuke kiransu yara har su yi gemu, sannan ku dawo kuna kukan ba su iya komai ba.

Hajiya Babba: Haba Kawu. Ko furfura ya yi, a wurin uwarsa yaro ne. To me za ta kira shi, Alhaji?

Kawu: Ta ce ɗana. Ɗa daban, yaro daban.

Malamin Jami'a: Hajiya, ki yi wa abokin aikina uzuri. A Amurka ma doka ce tun 1974, ana kiranta FERPA: ɗalibi na shiga jami'a, ikon takardun karatunsa ya koma hannunsa, sai dai 'yan togaciya. Ba ko'ina ake da irinta ba, amma malamai da yawa haka suke tafiya. Kuma gaskiya sakamako a makare yake zuwa. Abin da ke kayar da sabon ɗalibi tun makonnin farko yake farawa. A sakandare in bai zo aji ba, a ranar za a sani. A nan zai shiga ɗakin lakca da ɗaruruwan mutane, ya yi wata bai leƙa ba, babu mai cigiyarsa. Gwaji ya wuce shi, aikin gida ya wuce shi, kuma duk maki ne da ake haɗawa da na jarrabawa. Idan ya faɗi kwas mai nauyin yunit 3, sifiri ya ci, amma yunit ɗin yana cikin lissafin jimillar makinsa. Shi ya sa faɗuwar shekarar farko take bin mutum har ajin ƙarshe. Gara ki tambaye shi jadawalinsa, da yaushe ne gwaji na gaba, da su wa yake karatu da su. Wannan ya fi amsuwa a kan "yaya karatu".

Hajiya Babba: Malam, duk wannan dogon bayani ba ka faɗa mana ba: yaro ne ko ba yaro ba ne?

Malamin Jami'a: Ɗalibi ne.

Baban Ɗalibai: Kauce wa tambaya ke nan. Ku malaman nan kullum bakinku ɗaya. Ranar biyan kuɗi iyaye ake nema, ranar sakamako kuma ya zama babba. Wane irin girma ne wannan mai zuwa yana tafiya?

Malamin Jami'a: Ba malami ke karɓar kuɗin makaranta ba, Alhaji.

Baban Ɗalibai: Amma daga ina albashinka yake fitowa?

Anti Nas: Ku bar batun albashi. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun nuna ɓangaren gaban kai, mai tsara al'amura da danne zuciya, ba ya gama nuna sai mutum ya doshi shekara 25. Ga shi kusan kashi uku cikin huɗu na larurorin ƙwaƙwalwa, irin su ciwon damuwa, kafin shekara 24 suke somawa. Ka raba mutum da gida, da abokansa, da lokacin barcinsa duk a mako ɗaya, sannan a ce a zuba masa ido don ya girma?

Kawu: To in haka ne a hana su tuƙi da aure sai sun kai 25 mana. Kuma ke Anti, kina da ɗa a jami'a ne?

Anti Nas: Sai na haifi ɗan jami'a kafin in karanta littafi?

Hajiya Babba: Kawu ka ji tsoron Allah, wannan gori ne.

Kawu: Tambaya na yi. Yanzu tambaya ma ta zama gori?

Tsohuwar Ɗaliba: Iyayena, ku ba ni dama. A shekararmu ta farko akwai wadda muke ɗaki ɗaya, ta zagaye gadonta da zane, ta daina zuwa lakca, rana barci dare kuka. Wayarta na yin ƙara sai ta tashi zaune, ta gyara murya, ta ce "Umma ina laburare ne". Kullum sai an kira ta daga gida, amma tambayar ba ta wuce "kin ci jarrabawa?". Mu ne muka raka ta ofishin ba ɗalibai shawara. Da ta san za ta iya cewa "Umma na kasa" ba tare da gida ya kama da wuta ba, da tun farko ta faɗa.

Baban Ɗalibai: Kun gani ko? Babba zai ɓuya a bayan zane? Yarinya ce.

Kawu: A'a, yawan kiran ne ya mayar da ita haka. Ita da kanta mai labarin ta ce kullum sai an kira.

Tsohuwar Ɗaliba: Kawu ba haka na ce ba. Alhaji, kai ma ba haka na ce ba.

Hajiya Babba: Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye maza dai kuɗi kawai kuke turawa, ba ku ma san sunan kwas ɗin da 'ya'yanku ke yi ba.

Baban Ɗalibai: Hajiya ni fa a ɓangarenki nake!

Hajiya Babba: Ko a ɓangarena kake, faɗi kwas ɗin 'yarka ta biyu mu ji.

Baban Ɗalibai: Wannan kuma shiga gidan mutane ne.

Shugabar Zaure: Ya isa haka, zan rufe. Ga abin da na fahimta. Mafi rinjaye sun tafi a kan cewa ɗan shekarar farko yaro ne, kuma Anti Nas ta kawo hujjar kimiyya wadda ba wanda ya iya turewa. Labarin ƙanwarmu ma ya tabbatar da cewa uwa ba ta cire ido. Malam ya kawo dokar Amurka, mun gode, amma ba a can muke haihuwa ba. Mutum ɗaya ne ya kafe a kan nasa, shi ma da hujja ta ƙare masa sai ya koma gori. Kawu, ka nemi afuwar Anti Nas ta bayan fage kafin in sake buɗe maka damar rubutu.