Ɗan ƙanwata ba ya mayar da murmushi, wa ya san kan abin nan?

Anti_Aboabo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ɗan ƙanwata shekaran shi huɗu, gida ɗaya muke nan Aboabo. Jiya a wurin suna Mma ta tsuguna gaban shi tana mishi wasa tana washe baki har haƙorin makka ya fito, yaron nan ko gezau, sai murfin gwangwanin Milo da yake ta juyawa a ƙasa. Amma da asuba da uwar shi ta ƙone hannu da koko, shi ne ya jawo bargon shi ya lulluɓa mata bai ce komai ba. Wata nas ta ce a kai shi a duba ko otizim ne, wai wata lalura da take shafar yadda yaro yake mu'amala da mutane, tsofaffi kuma sun ce iska ne. Ni dai in ba ya jin tausayi kamar yadda ake cewa to wa ya aike shi da bargo?

Dalibi_Tek:
Wa alaikumus salam Anti. Mayar da murmushi ba niyya mutum yake yi ba, ƙwaƙwalwa ce take kwaikwayo da kanta. A 2000 wani masani Ulf Dimberg a Suwidin ya manna wa mutane wayoyi a fuska, yana haska musu hoton mai fara'a ko mai fushi da saurin da ba su ma san sun gani ba, duk da haka naman kunci ya motsa ga mai fara'a, na gira ya tattare ga mai fushi. Kafin nan su Rizzolatti a Parma ta Italiya sun gano wasu ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar biri da suke tashi in ya ɗauki abu, su kuma tashi in ya ga wani ya ɗauka, aka sa musu ƙwayoyin madubi. To a 2006 a Los Anjeles aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara masu otizim suna kwaikwayon fuskoki, aka ga wajen madubin bai yi aiki sosai ba. Wato madubin ne ya fashe kenan.

Malama_Nima:
Ƙanina ka yi ƙoƙari amma wannan fashewar madubin kar ka riƙe ta da hannu biyu, a 2013 wata masaniya Antonia Hamilton ta bi binciken da aka yi a kai ta ce hujjar ba ta da ƙarfi. Ko yaran Los Anjeles ɗin ai sun kwaikwayi fuskokin da aka ce su yi. Abin da ake yawan gani shi ne kwaikwayon da yake zuwa da kan shi ba tare da an ce a yi ba ne yake latti ko ya yi rauni, kuma yana da alaƙa da inda ido yake kallo. Misali hamma, a Japan an ga yaran ba sa ɗaukar hammar wani sosai, da aka ce su kalli idon mai hammar sai ga shi suna yi kamar kowa. Kuma halin nan mataki mataki ne, ko cikin mu da ba a ce muna da komai ba akwai wanda za ka gaisa da shi a trotro fuska a ɗaure alhali ran shi fari tas. Anti ku fara da gwajin ji, wani lokaci kunne ne, daga nan likitan yara. Kuma don Allah kar a riƙe mishi haɓa a ce sai ya kalli mutum, wasu yaran kallon ido yana musu nauyi.

Alhaji_Asawase:
Addu'a ba ta hana asibiti. A yi mishi tofi a gida amma kar a bari wani ya ce zai fitar da iska da bulala ko hayaƙi, yaro ne.

Anti_Aboabo:
Na gode Allah ya saka. Malama wallahi riƙe haɓan nan kullum Mma sai ta yi, yau zan mata magana, Allah ya sa kar ta ce na zama likita. Ɗazu na zauna gefen shi na ɗauki wani murfin ina juyawa, bai kalle ni ba amma ya turo min na shi da nawa ya faɗi. Litinin za mu je gwajin kunnen in sha Allah, ko akwai wanda ya san ko katin inshora yana ɗauka?