Kunun Alhamis: musayar waƙa kan bangaskiya da aiki

Malamin Lahadi (Ƙofar Ƙaura)

Salama gare ku. Jiya bayan sujada wata uwa ta Zumuntar Mata ta tsare ni a gindin bedin majami'a da tambayar da na kasa amsawa a tsaye, don haka na kawo ta nan. Sharaɗi ɗaya ne: kowane baiti ya sauka a kan "ya". Wanda ya karya, tarar goro.

Da sunan Uba nake farawa,
Mai ba da rai, Mai rayawa,
Shi ke ɗaurewa da kwancewa,
Ku matso kusa, ga tambaya.

Wata uwa ce ta tsare ni,
Gindin bedi ta zaunar da ni,
Ta ce, "Ɗana, ka sanar da ni,
Abin ya tsaya mini a zuciya.

Shekaru ina dama kunu,
Tulu a kai, fulas a hannu,
In kai asibiti in yi musu sannu,
Ran Alhamis da safiya.

Yau mai wa'azi ya ce da mu,
Ceto ba ladan aikinmu,
Kyauta ce daga Ubangijinmu,
Sai ta wurin bangaskiya.

To kunun nan fa, ina ya nufa?
Geron da na saya na surfa,
Itacen da na sa na dafa,
Duk ya bi ruwa a rariya?"

Ɗalibin Tauhidi

Malam, ku gaishe mini da Mama. Fasto bai yi kuskure ba.

Mama, kununku alheri ne,
Amma ba kuɗin sama ba ne,
Ceto kyautar Mai Iko ne,
Ba a saye, ba a biya.

Bulus ya rubuta wa Afisawa,
Sura ta biyu, ga ta a buɗewa,
Alheri ne ke cetarwa,
Don kada wani ya yi fariya.

Ɓarawo ne bisa gicciye,
Kusa da Yesu yana rataye,
Wane aiki ne ya ajiye?
Roƙo ya yi guda ɗaya.

Bai ba da zakka ba, bai yi baiko,
Ba baftisma, ƙarshe ko farko,
Amma ya ji daga Mai Iko:
Yau a Firdausi muna waje ɗaya.

Luta a Jamus, babban malami,
Ya sha tsaron dare da azumi,
Zuciya dai tana cikin rami,
Sai Romawa ta nuna hanya.

Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa nake nufi. Shi ya sa a 1517 ya fito da batutuwa 95 a Witenbag, lokacin da ake sayar wa talakawa takardun rangwamen horon zunubi da kuɗi. Duk ranar da aka ce aiki yana da hannu a ceto, wani zai buɗe shago.

Baba Katikis (Malumfashi)

Ɗana, sannu da karatu. Na koyar da katikisma a Katolika tun muna ƙarƙashin Sakkwato, kafin Katsina ta sami dayosis nata a 2023, kuma wannan gardamar ta girme mu duka. Amma na ga ka tsaya inda ya yi maka daɗi.

Ka karanta takwas, ka karanta tara,
Sai ka rufe tun ba ka ƙara,
Aya ta goma tana nan jira,
Buɗe ka gani, ba ta da ƙaya.

Ta ce mu ƙirar hannunsa ne,
Aiki nagari rabonmu ne,
Tun da daɗewa shiryayye ne,
Don mu bi shi cikin tafiya.

Yakubu ya ce, ga ɗan'uwa,
Ba riga, ga kuma yunwa,
Ka ba shi baki, ka hana shi dawa,
Wannan ce kake kira bangaskiya?

Aljanu ma ai sun sani,
Allah ɗaya ne, babu wani,
Suna makyarkyata, ka ji ni,
Sanin bai kai su ga lafiya.

Jiki in ya rasa numfashi,
Ko an zuba turare a kanshi,
Gawa ce, sai a rufe shi,
Haka imanin da ba biyayya.

Ranar da za a raba garke,
Matattu duka suna a farke,
Ga abin da Sarki zai bincike:
"Na yi ciwo, wa ya zo jinya?"

Lutanka ya ji nauyin Yakubu, har a 1522 ya kira wasiƙar tasa wasiƙar ciyawa, amma bai iya cire ta daga Littafi ba. Kuma kada a ɗora mana, mu Katolika, abin da ba mu faɗa ba. Majalisar Tarento, babban taron shugabannin Katolika, a 1547 ta rubuta cewa babu abin da mutum ya yi kafin a baratar da shi, wato Allah ya karɓe shi a matsayin mai adalci, ko bangaskiya ko aiki, da ya isa ya zama kuɗin wannan alheri. Abin da muke cewa shi ne, bayan an ba ka, kana tafiya da shi, kana girma a ciki, kana kuma iya yar da shi. Wata tambaya kuma: Turawan mishan na SIM da suka haifi ikilisiyarku ta ECWA, da suka zo Katsina, ba gyambon kutare suka zauna wankewa a Babbar Ruga ba? Ko su ba su karanta Afisawa ba ne?

Telan Kasuwa

Ni ban yi makarantar nan taku ba, amma ga nawa.

Zare in babu allura,
Sai ya zauna cikin gwangwani,
Allura in babu zare,
Huji take ta yi a banza.

Malamin Lahadi (Ƙofar Ƙaura)

Tela, "banza" ba ta ƙare da "ya". Goro biyu, ɗaya na Baba. Amma maganar ta shiga.

Ɗalibin Tauhidi

Tela ya taimake ni bai sani ba. Wace ce ke shiga yadi da fari, allura ko zare? Baba, na amsa gyaranku kan aya ta goma, da ma ban musa ta ba. Jeri nake karewa.

Baba, na karɓi aya goma,
Ban ce a zauna a daina noma,
Ruwan sama ne ke sa a soma,
Ba ya sauka don fartanya.

Ibrahim ya dubi taurari,
Ya gaskata da alkawari,
Aka lasafta masa tun da wuri,
Kafin a yi masa kaciya.

In aiki ne ke riƙe ceto,
Yaushe zan kwanta ban yi zato
Ko ya isa, ko da sauran ƙwato?
Bawa ke nan, ba ɗan gida ba, ku ji ni da gaskiya.

Layin ƙarshe ya yi tsawo, na sani. Abin ne ya fi ƙarfin ma'auni.

Baba Katikis (Malumfashi)

Ibrahim ɗin nan dai, ɗana,
Ya ɗau Ishaku ba wata magana,
Da wuƙa da itace suka kwana
Suna hanyar ƙasar Moriya.

Aya ɗaya ce ta Farawa 15 Bulus da Yakubu suka ɗauko dukansu. Ɗaya ya tsaya a daren taurari, ɗaya ya bi tsohon har kan dutse. A ranar 31 ga Oktoba 1999, a Ogsbag ta Jamus, Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu kan cewa ta alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, Allah ke karɓarmu, Ruhu kuma ya sabunta zuciya ya kira mu ga aiki nagari. Methodis sun bi sahu a 2006. Jikokin Luta sun sauko, kai ka hau.

Ɗalibin Tauhidi

Baba, mu ba mu sa hannu ba. Kuma takardar ba ta share batun lada da batun tabbacin ceto ba, kowa ya faɗi nasa ne cikin ladabi. Ku kun ce ana iya yar da shi. Ni na ce hannun da ya kama ni ya fi nawa ƙarfi.

Malamin Firamare (Daura)

Ina gaida iyaye da 'yan'uwa. Kullum ina wucewa ta gaban Kusugu in zan tafi aiki, bari in ara muku labarinta. Misali ne kawai, kada wani ya ce na jera Bayajidda da Almasihu.

Daga Daura nake gaisuwa,
Garin Kusugu mai daɗin ruwa,
Da can maciji ya hana ɗebowa,
Sai Juma'a ake zuwa rijiya.

Baƙo ya sauka cikin dare,
Ya nemi ruwa, aka ce a tsare,
Ya je shi kaɗai, kai ya sare,
Gari na barci, ba hayaniya.

Ba wanda ya fito tayawa,
Ba wanda ya biya shi yankawa,
Da safe ruwa ya zama na kowa,
Ba kuɗi, ba jira, ba wuya.

Amma fa da gari ya waye,
Masu kirari suka kewaye,
Kowa "Ni ne!", ba a ɓoye,
Aka ce, "Kawo kan, in da gaskiya."

Bulus na faɗin wa ya kashe,
Ba kai ba ne, farko har ƙarshe,
Yakubu na ƙin aikin harshe:
In ka ɗebo, nuna ƙwarya.

Mai cewa ya sha daga rijiyar nan,
Maƙwabci na ƙishi a gefen nan,
Tulunsa ƙayau, ba laima a nan,
Ni dai ina da 'yar tambaya.

Telan Kasuwa

Malam na Daura ya ɗinke ta, ba sai an kai gyara ba.

Baba Katikis (Malumfashi)

Ya ɗinke rabi. Ƙwaryar shaida ce kurum, ko kuwa Mai rijiyar zai yi wa mai rabon ruwa sakamako? Yesu da kansa ya ce ko kofin ruwan sanyi ba zai rasa ladansa ba. Nan ne ni da ɗana muke rabuwa.

Ɗalibin Tauhidi

Lada daban, ceto daban, Baba. Uba yana ba ɗansa tukwici, amma ba tukwicin ne ya mai da shi ɗa ba.

Jikar Mama

Ina wuni iyaye. Kaka ta sa na karanta mata duka har sau biyu. Ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara mata ko harafi.

Shekarar da maigidana ya kwanta,
Wata uku muna asibiti,
Kuɗi ya ƙare, gero ya ƙare,
Ruwa kaɗai nake sa wa tukunya.

Wata Hajiya a gadon kusa da mu,
Ɗanta ne mota ta karya,
Ta miƙo kofi, ba ta tambaye ni komai ba,
Ta ce, "Baiwar Allah, ba shi ya sha, kar ki ji kunya."

Kunun tsamiya ne, da zafinsa,
Na ɗaga kansa, na riƙe masa,
Ya sha rabi, ya ce in sha saura,
Shi ne na ƙarshe da ya sha a duniya.

Ran Alhamis ne, ban manta ba,
Wata Alhamis na tashi da asuba,
Hannuna ya kai ga turmi da kansa,
Ban yi shawara da kowa ba, ko zuciya.

Amma bari in tona kaina,
Daga baya na fara ƙirge,
Duk fulas in ce, "Uba, ka rubuta,"
Kamar mai zubin adashi tana jiran kwasa ɗaya.

Da fasto ya ce ba a saye,
Sai na ji cikina ya ɗuri ruwa,
Kamar uwar adashi ta gudu da dare,
Shi ne fushin, ba wai tambaya.

Ta ce kuma a tambayi Ɗalibi: in ta daina kunun daga yau, cetonta yana nan? A tambayi Baba Katikis: fulas nawa ne ke isa?

Malamin Lahadi (Ƙofar Ƙaura)

Baitocin Mama ba su bi ma'auni ba, amma ba ni ne zan ci ta tara ba.

Ɗalibin Tauhidi

Mama, yana nan daram. Sai dai hannun da ya kai ga turmi ba da shawara ba, ban ga yadda za ku hana shi ba. Na goge baiti uku, babu wanda ya dace in aiko bayan naku.

Baba Katikis (Malumfashi)

Ba adadi, Yaya, ba a ƙirge,
Uwa ba ta auna nono a gwangwani ta ƙirge,
Mai ƙirga ma Shi ke ba da geron,
In Ya saka, kyautarsa Ya yi wa godiya.

Na maimaita "ƙirge" sau biyu, goron da Tela zai ba ni a mayar masa. Layin ƙarshe ba dabarata ba ce, Agustin na Hippo, babban malamin Ikilisiya na dā, ya riga ni: in Allah ya naɗa wa aikinmu rawani, baiwarsa ce yake naɗawa. Ɗana ba zai ƙi Agustin ba, Luta ma a ƙungiyar sufayensa ya tashi.

Ɗalibin Tauhidi

Agustin na yarda. "Kana iya yar da shi" ce har yanzu ban haɗiye ba. Zan dawo da Romawa 8.

Baba Katikis (Malumfashi)

Ka taho da Ibraniyawa 6 a ɗaya hannun.

Jikar Mama

Kaka ta ce ku ci gaba, tana jin daɗi. Amma ƙafarta ta kumbura tun Asabar, likita ya hana ta doguwar tafiya. Za ta dama kunun a zaune, mai ɗauka ne babu. Fulas uku ne da bokitin kofuna.

Telan Kasuwa

Ina da babur, amma biyu zan iya ɗaurewa a baya.

Baba Katikis (Malumfashi)

Ni na yi nisa. Zan ba direban motar Katsina tiya biyu ta gero da tsamiya ranar Laraba, wani ya tsaya a tasha ya karɓa.

Ɗalibin Tauhidi

Ina da aji ƙarfe tara. In an fita da wuri zan riƙe na ukun a bayan Tela.

Jikar Mama

Shida da rabi, ta ce. A fara da ɗakin maza na ƙarshe, akwai wani dattijo a gadon bakin taga da ba mai zuwa wajensa. Ba ya shan mai sukari, nasa yana cikin fulas mai jan murfi.