Inji ya cinye yatsun ƙanena, sun kawo takarda wai ya dangwala

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ƙanena ne, shekararshi 24, yana aiki a wani kamfanin casar shinkafa nan cikin Katsina. Ran Talatar makon jiya aka ɗauke wuta, sai mai kula da su ya ce tunda inji ya tsaya, ya buɗe ya cire ƙaiƙayin da ya cushe wajen bel. Hannunshi na ciki wani abokin aikinsu ya tada janareta ya juya layi. Yatsu huɗu na hannun dama suka tafi, babban yatsa kaɗai ya rage.

Kamfanin ya biya kuɗin asibiti, wannan ba zan ɓoye ba. To jiya manaja ya zo gida da naira dubu 300 da wata takarda, wai ya dangwala cewa magana ta ƙare. Babanmu ya ce ƙaddara ce, a karɓa a yi shiru. Ni kuwa na kasa barci, don yaron nan yana da mata da jariri, kuma da hannun nan yake ci da su. Ba shi da takardar ɗaukar aiki, duk Asabar ake ba su kuɗi a hannu. Yau kwana 9. Ina mafita?

Wani lauya: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Kada ya dangwala komai. Akwai Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, ke kula da ita. Rashin takardar ɗaukar aiki bai cire shi ba: dokar ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki, da ɗan aikin wucin gadi, har da yaron da ke koyon sana'a. Kuma ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da ubangidansa ta yafe haƙƙin diyya, banza ce. Duk da haka kada ku ba su abin da za su riƙa ɗagawa gobe.

Abin gaggawa shi ne lokaci. Ma'aikaci na da kwana 14 ya sanar da kamfani raunin, saura maku 5. Na san sun sani, amma ku rubuta: sunanshi, rana, wuri, yadda abin ya faru. A buga maku hatimi a kwafin ku. Shi kamfani doka ta ba shi kwana 7 ya kai rahoto NSITF. Neman diyyar kuma cikin shekara 1 ne. Kowane mai ɗaukar ma'aikata ya kamata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya, daga aljihunsa, ba daga albashin yara ba. In bai yi rajista ba, laifinsa ne, kuma akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. In kuɗin lauya ne matsala, ku je Hukumar Ba da Agajin Shari'a, kyauta take yi wa marasa ƙarfi.

Tsohon makanike, Daura: Ɗana, raina ya ɓaci da na karanta. Shekara 30 ina gyaran inji, abin da nake fara koya wa yaro kenan: ɗauke wuta ba kashe inji ba ne. Kafin hannu ya shiga, a sauke babban makunni, a sa mashi kwaɗo, makullin ya kwana aljihun mai gyara. Sannan a danna maɓallin tayarwa a tabbatar bai motsa ba. Kwaɗon nan nawa yake a kasuwa? Wanda ya tura yaro cikin inji ba tare da wannan ba, shi ya fara sakaci, ba mai tada janareta kaɗai ba. Ka samu wani cikin yaran ya ɗauko maka hoton injin yau, musamman in bel ɗin ba shi da murfi, don gobe za ka tarar an liƙa sabo. Dokar masana'antu ta wajabta killace irin waɗannan wurare, kuma ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na da sufetocin da ake kai wa ƙara.

Wata ma'aikaciyar jinya: Ku karɓi rahoton likita da hoton ƙashi, ku adana kowane rasit. Kada ya yi wasa da gashi da motsa babban yatsan, shi ne jarinshi yanzu. Asibitin ƙashi na Dala a Kano suna haɗa gaɓoɓin roba. Kuma ku riƙa zama da shi, masu irin wannan rauni damuwa na cin su a ɓoye.

Wani malami: Ka lallaɓa Baba, kada ka yi mashi gardama gaban mutane. Ka ce mashi imani da ƙaddara bai hana karɓar haƙƙi ba. Shari'a da kanta ta yanka wa kowane yatsa raƙuma 10, ko da kuskure ne. Yatsu huɗu raƙuma 40 kenan, kwatanta da dubu 300. In yaron zai yafe, shi ke da ikon yafewa, bayan ya san abin da yake yafewa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba maganar Malam, ya yi shiru, ya ce a dakata da takardar. Lauya, wace shaida za mu kai cewa ma'aikacinsu ne?

Lauyan: Rasit ɗin asibitin da kamfani ya biya, littafin da suke sa hannu ran Asabar, da abokan aikinshi biyu da suka ga abin. Ita ma takardar da manaja ya kawo shaida ce, ka ɗauki hotonta kafin ka mayar. Gobe Juma'a ka kai wasiƙar tun da safe, daga nan ka wuce ofishin NSITF.