Zumunta a ƙafa take, har a zamanin waya?

Ɗan Masaƙa: Jama'a, ku raba ni da uwargida. Abokin aikina ya rasu a Funtuwa, tare muka yi masaƙa a Kakuri har aka rufe ta a 2007. Ni ina Legas. Na kira matarsa na yi mata ya haƙuri, na tura ɗan abin sadaka. Tun jiya uwargida take ta jifana da "zumunta a ƙafa take". Wai ban yi gaisuwa ba ke nan?

Bakatsine: Lokacin da aka yi karin maganar nan babu waya. Kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023, ƙafar ma sai da kuɗi take tashi.

Uwar Biyu: Haba Malam. Mai takaba wata huɗu da kwana goma take zaune a ɗaki, ba kwalli ba turare. Wanda ta gani da idonta shi take ƙirgawa.

Na-Rimi: Wasu kuma ƙafarsu kwanakin takabar take ƙirgawa. Kullum suna zaure da ledar lemo.

Uwar Biyu: Allah ya shirye ka!

Jikar Inna: Kun tuna min da kakata. Akwai wata mata a Kura da suka yi shekaru ba sa ga maciji, kan rigimar akuya. Da mijin matar ya rasu, Inna ta daka gumba, ta ɗora ƙwarya a ka, ta taka tun daga ƙauyenmu. Ta shiga ta ce "ya muka ji da haƙuri", daga nan ba ta ƙara ko uffan ba. Ta ɗauki tsintsiya, ta ja ruwa a rijiya, ta ɗora tukunya, tana cewa ai Annabi (SAW) ya ce a yi wa iyalan Ja'afar abinci. Har sadakar bakwai tana gidan. Ranar da za ta tafi, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Maganar akuya kuwa tana nan."

Bakatsine: To ai wannan ƙafar ta je, zuciyar tana gida.

Jikar Inna: Amma da Inna ta rasu, matar nan ce ta yi mata wanka.

Na-Rimi: Su o'o kuwa ba sa zuwa sai da mai ɗaukar hoto. Fatiha minti ɗaya, hoto ashirin. Gab da zaɓe ko kazarka ce ta mutu sai an turo tawaga.

Malam Ƙarami: Ni a sanina ma karin maganar kan ziyarar masu rai take. Shekara nawa rabonka da shi, Ɗan Masaƙa?

Ɗan Masaƙa: Malam, ka bar wannan. Nawa ne kuɗin mota daga Agege zuwa Funtuwa yanzu?