Koyon bugun ƙasa da hisabi bayan ritaya: ta ina ake farawa?

Ɗan Fansho:
Assalamu alaikum. Shekaruna 61, na ajiye aiki. Ina karanta Larabci daidai gwargwado amma ban yi zaman tsangaya ba. Ina son sanin yadda bugun ƙasa da hatimi suke aiki. Wasu sun ce wanda bai fara da ƙuruciya ba hannunsa ba zai faɗa ba. Gaskiya ne? Kuma me zan fara riƙewa?

Mai Faifai:
Wa alaikumus salam, Baba. Shekaru ba su hana komai a nan. Abin da ke kayar da masu farawa da girma ido ne da gaggawa. A samo yashi mai laushi, a tankaɗe, a baza a faifai ko tire kaurin yatsa biyu, a zauna inda haske yake, da tabarau in ana sawa.

Ana buga layi 16 na ɗigo da yatsa, daga dama zuwa hagu, ba tare da ƙirgawa ba. Sai a bi kowane layi ana share ɗigon bibbiyu. In ɗaya ya rage, mara ne, a rubuta ɗigo ɗaya; in biyu suka rage, cika ne, a rubuta biyu. Layi huɗu ke ba da siffa ɗaya mai hawa huɗu: wuta, iska, ruwa, ƙasa, daga sama zuwa ƙasa. Siffofi huɗun farko su ne uwaye.

Daga nan babu sauran bugu, sai lissafi. A kwashe kawunan uwayen huɗu a jera su, 'ya ta farko ke nan. Hawa na biyu ya ba da ta biyu, haka har huɗu. Uwaye su ne gida na 1 zuwa 4, 'ya'ya na 5 zuwa 8. Sai a haɗa gida na 1 da na 2 a fitar da na 9, 3 da 4 su ba da 10, 5 da 6 su ba da 11, 7 da 8 su ba da 12. Haɗawar hawa-hawa ce: iri ɗaya suka haɗu, ɗigo biyu; suka bambanta, ɗigo ɗaya. 9 da 10 su haifi shaida na farko, 11 da 12 na biyu, shaidun su haifi alƙali a gida na 15. Alƙali da uwa ta farko su ba da na 16.

Ga ma'aunin da zai kama maka kuskure: jimlar ɗigon alƙali dole ta zama cika, 4 ko 6 ko 8, domin kowane hawa na uwaye ya shiga cikinsa sau biyu, sau ɗaya ta wajen uwa, sau ɗaya ta wajen 'ya. Siffofi takwas kaɗai ke iya zama a can. Ka ga 5 ko 7, to ka yi tuntuɓe, kuma galibi wajen kwaso 'ya'ya ne, ido ya tsallake hawa.

Kada ka taɓa fassara sai ka haddace siffofin 16 da gidajensu. Sunayen ma iri biyu ne. Littattafan da ke bin Zanati, tsohon malamin wannan fanni, suna cewa Ɗariƙi da Jama'a, malamanmu kuma su ce Ibrahim da Musa, alhali Ɗariƙi shi ne Ibrahim, Jama'a kuma Musa.

Almajirin Hisabi:
Ƙari a kan hatimi, Baba, domin nan ne masu koyo daga littafin kasuwa ke ɓacewa. Abajada, wato adadin da ake ba kowane harafin Larabci, biyu ce. A ta Gabas sin 60 ne, sad 90, shin 300, gain 1000. A ta Magrib, wadda tsofaffin rubuce-rubucen hannu na ƙasar nan suke bi, sad 60 ne, sin 300, gain 900, shin 1000. Sunan Musa 116 ne a ta farko, 356 a ta biyu. Wanda ya ɗauki adadi daga bugun Misira ya zuba a ƙa'idar kundin kakansa ya cakuɗa abu biyu. Ka tambayi mai koya maka wacce yake bi tun ranar farko.

Fara da musallasi mai gida tara, wanda kowane layinsa ke ba da 15. Shigar da adadi: cire 12, raba uku, sa abin da ya fito a gidan da lamba 1 take a musallasin, ka riƙa ƙara ɗaya-ɗaya kana bin lambobin har gidan 9. Misali 66: saura 54, kashi uku 18, ka tashi daga 18 ka ƙare a 26, tsakiya 22. In rabon ya bar ragowar 1, ana ƙara ta daga gida na 7. Layukan tsaye da na kwance za su daidaita, amma kusurwa ɗaya za ta gaza da ɗaya. Ba hannunka ba ne, haka lissafin yake, kada ka kwana kana gogewa.

Wannan fanni ba baƙo ba ne a wajenmu. Muhammad al-Katsinawi ya yi rubutu kan hatimai masu gidajen mara a 1732, ya rasu a Alkahira a 1741.

Malama Ummu:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Sun ba ka yadda ake yi, ni hukunci zan taɓo, tunda a shekarunka shi ya fi nauyi. A Sahihu Muslim akwai hadisin wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa kwana arba'in. Masu ramli, wato bugun ƙasa, suna kafa hujja da wani hadisin, shi ma a Muslim, cewa wani annabi ya kasance yana zane a ƙasa. Imam Nawawi ya bayyana cewa halascin ya rataya ne ga dacewa da zanen annabin, mu kuwa ba mu da hanyar tabbatar da dacewar, don haka bai halatta gare mu ba. Jera lambobi a gida tara lissafi ne. Faɗa wa mutum wa ya sace masa akuya, ko kishiya ce ta sa masa ciwo, wani abu ne daban, kuma nan ake raba zumunci, mai ciwon suga ya bar asibiti.

Mai Faifai:
Malama ta faɗi abin da ke littafi, ban musa ba. Baba, in ka nemi mai koyarwa, gwada shi da tambaya ɗaya: me ya sa alƙali ba ya fitowa mara? Wanda ya kasa amsawa, ya koma maganar baƙin bunsuru da kuɗin buɗe ido, ɗauki takalminka.