Wai Sophie Marceau fansar kanta ta yi?

Sarkin Kallo: Salam jama'a. Yau sai na faɗa, wanda zai ji haushi ya ji. Kullum a gidan nan daga fim ɗin Indiya sai na Koriya, in mutum ya kawo wani abu daban sai a yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, na saka hoton Sophie Marceau ko mutum ɗaya bai tanka ba amma wani ya saka hoton ɗanwake an yi ta sharhi har dare. To ku ji da kyau. A duk duniya babu 'yar fim ɗin da ta fara tana yarinya ta kuma girma da darajarta kamar matar nan. An haife ta a Paris a 1966, babanta direban babbar mota ne, ba ta da kowa a harkar. Tana shekara 13 darakta Claude Pinoteau ya ɗauke ta a La Boum, fim ɗin ya fito 1980, mutum sama da miliyan 4 suka shiga silima a Faransa kaɗai. A 1983 ta ci kyautar César, babbar kyautar fina-finan Faransa, ta sabuwar 'yar wasa. Tana shekara 16 kuma ta ranto faran miliyan ɗaya ta fanshi kanta daga kwantiragin Gaumont, kamfanin da ya yi fim ɗin. Ku kawo min irinta in akwai.

Maman Biyu: Ta fanshi kanta? Baiwa ce dama? Haba Sarki, ka dinga tauna magana. Fansa ai ta bawa ce ko wanda masu garkuwa suka ɗauke.

Sarkin Kallo: Hajiya ba nan maganar take ba, ki duba sauran abin da na rubuta mana.

Maman Biyu: Nan take kuwa. Kamfani ya tsinto yarinya ba wanda ya san ta, ya kashe kuɗi a kanta, ya yi mata fim na ɗaya ya yi na biyu a 1982, sai da ta yi suna za ta tafi aka ce biya abin da aka rubuta a takarda shine ya zama bauta? Wannan sunansa cika alƙawari.

Ɗan Maraɗi: Hajiya mi kike hwaɗi haka? Wa ya yi alƙawalin? Ɗiya mai shekara 13 ta san mi ag kwantiragi? Manya sunka zauna sunka rubuta, ita ko ta biya. In ba ta iya yin aiki wurin kowa sai ta aje miliyan, ni dai ban san wani suna ba in ba fansa ba.

Autan Hajiya: Yaya Sarki wai ita ce 'yar Marcel Marceau ɗin nan mai shafa farin abu a fuska yana wasa ba ya magana? In haka ne ai maganar "ba ta da kowa" ta rushe 😂

Sarkin Kallo: Auta je ka yi karatu. Sunanta na yanka Sophie Maupu, Marceau sunan fim ne. Shi ma wancan ɗin asalin sunansa Mangel. Ko kusa ba su haɗa jini ba.

Malamin Tarihi: Ni ina bayan Hajiya. A ƙasar Hausa mun san fansa, mun san murgu, bawa ya yi aikinsa a waje yana biyan ubangidansa. Wanda ya fanshi kansa wuyansa yake karɓa. Ita wannan ko ba ta biya ba babu mai hana ta kwana a gidan ubanta, fim kawai za a hana ta yi wa wani kamfanin. Ku daina ɗaukar kalma mai nauyi kuna ɗora wa rigimar masu kuɗi.

Ɗan Maraɗi: Masu kuɗi Malam? An ce maka ranto kuɗin ta yi. Kuma kun san miliyan ɗaya na faran Faransa a lokacin nan? Kahin 1994 faran guda sefa 50 na, wato miliyan 50 na sefa kenan a kan ɗiyar direba. Ku mutanen Najeriya ba ku san lissahin ba shi ya sa kuke ganin wasa.

Na Sabon Gari: An zo wurin. Dama jira nake a ce "ku mutanen Najeriya". Ku da kuka kori sojojin Faransa a 2023 yau kuma kune lauyoyin 'yar fim ɗinsu, kuma har yanzu sefar tasu ce a aljihunku.

Ɗan Maraɗi: Nawa ake canza jikka guda da nerarku yau? Ka hwaɗa ma jama'a in kana da gaskiya.

Shugaban Gida: Dan Allah banda siyasa, mun yi doka.

Na Sabon Gari: To a bar siyasa. In biyan kuɗin kwantiragi fansa ne, ashe Neymar ma bawa ne da aka ajiye yuro miliyan 222 a 2017 ya bar Barcelona ya tafi PSG. Bawa mai jirgin sama.

Autan Hajiya: Wannan ai ba fansa ba ce cin amana ce, Barça ta yi masa komai

Na Sabon Gari: Komai kamar me? Kun karɓi kuɗin kun zuba a Coutinho da Dembélé, ina sakamakon?

Autan Hajiya: Ɗan Madrid ba zai taɓa faɗin alheri a kanmu ba wlh, ko ruwa muka sha sai kun ce da alƙalin wasa muka sha

Sarkin Kallo: Innalillahi. Ni na kawo maganar mace 'yar fim kun kai ni filin ƙwallo. Ku tsaya ku ji abin da ta yi bayan nan mana. 1984 ta fito a Fort Saganne tare da Gérard Depardieu da Catherine Deneuve, a hamadar Muritaniya aka ɗauki wani sashe. 1995 ita ce gimbiya Isabella a Braveheart na Mel Gibson. 1999 ta fito a James Bond, The World Is Not Enough, kuma ba budurwar ado ba, ita ce Elektra King muguwar da ta shirya komai har sai da Bond ya harbe ta da hannunsa. 2002 ta ba da umarni da kanta ta ci kyautar darakta a bikin Montreal. Wace yarinyar fim ce ta yi wannan tafiyar?

Malamin Tarihi: Tunda ka ambaci Braveheart, fim ɗin nan ya yi wa tarihi ƙarya. A fim ɗin an nuna William Wallace, jarumin labarin, ya yi wa Isabella ciki, alhali lokacin da aka kashe shi a 1305 Isabella ƙaramar yarinya ce tana Faransa, sai 1308 aka ɗaura mata aure da sarkin Ingila Edward na biyu. Ina suka haɗu har da ciki?

Sarkin Kallo: Malam ita ta rubuta labarin??

Maman Biyu: Ni ban bar maganata ba. Ka ce ta fanshi kanta, to ta tafi ina? Ta tafi wurin Andrzej Żuławski ɗan Poland wanda ya girme ta da shekara 26, ya saka ta a fim ɗinsa na 1985, suka zauna tare shekara da shekaru har da ɗa a 1995. Daga hannun kamfani zuwa hannun sa'an babanta. In 'yata ce ban ga abin guɗa ba.

Na Sabon Gari: Hajiya a hankali, shekara 26 a unguwarmu ai ba labari ba ne, Alhaji nawa ne ya girme ki?

Maman Biyu: Kai yaro ka kiyaye ni. Ni da sadaki da waliyyi aka kai ni.

Na Sabon Gari: Allah ya huci zuciyarki Hajiya, tsokana ce.

Baba Mai Rediyo: Yara kun cika surutu ba ku san fim ba. Sarki ka ce a kawo irinta, to tana cikin La Boum ɗin da kake taƙama da shi. Matar da ta fito uwarta, Brigitte Fossey, tana shekara 5 René Clément ya ɗauke ta a Jeux interdits, fim ɗin ya fito 1952 ya ci babbar kyautar Venice. Ta koma makaranta ta yi karatunta, ta dawo fim da girmanta a 1967, ta ci gaba har tsufa. Wannan ita ce yarinya. Mai shekara 13 ai ta san hagu da dama.

Ɗan Maraɗi: Baba ban yarda ba, mai 13 ɗiya ta.

Maman Biyu: A nan kam ina bayan na Maraɗi, biyun nawa shekararsu 13 kuma har yau ni ke nemo musu takalmin makaranta da safe.

Sarkin Kallo: Baba da girmamawa, Fossey ta shiga Bond? An san ta a Sin? Sophie fa har waƙa ta yi a bikin sabuwar shekara na talabijin ɗin Sin a 2014. Kuma a 2016 ta fito ta ce ta ƙi karɓar lambar girman gwamnatin Faransa ta Légion d'honneur, wa ya taɓa jin ɗan fim ya ƙi lambar gwamnati a nan?

Baba Mai Rediyo: Ka ce "babu irinta", na kawo, yanzu ka matsar da raga.

Autan Hajiya: Baba ma ya shigo ƙwallo 😂 irin na 'yan Madrid kenan matsar da raga

Na Sabon Gari: Kofin zakarun Turai 15 Auta. Ka ƙirga naku ka dawo.

Shugaban Gida: To ya isa, dare ya yi, bari in taƙaita. Na ɗaya, kusan kowa ya amince cewa fansa ce, domin kamar yadda ɗan uwana na Maraɗi ya yi bayani mai gamsarwa miliyan 50 na sefa ba wasa ba ne. Na biyu, Hajiya ta kawo nata ra'ayin mun gode. Na uku, maganar Baba kan wancan tsohon fim ɗin baƙi da fari ba ta shafi batun ba sosai. Na huɗu, Neymar ya ci amana, wannan ba ya buƙatar muhawara. Na Sabon Gari kuma wannan ne gargaɗi na ƙarshe kan tsokana.

Maman Biyu: Kusan kowa? Ni da Malam da Na Sabon Gari mu uku muka ce a'a. Ku biyu ne, sai kai da ka shigo yanzu don matarka 'yar Maraɗi ce.

Malamin Tarihi: A rubuta ban amince da taƙaitawar nan ba.

Sarkin Kallo: Har yanzu dai ba wanda ya ce komai a kan hoton.

Shugaban Gida: Na rufe sai da safe.